Mata Arba'in da Uku a Gindin Tanki

Ranar da aka karɓe wayar Yaya ina wurin, saboda haka kada wani ya zo yana gyara mini labari. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara tara, ita ta goye ni. Ni ɗinki nake yi. Ita kuwa shekara ashirin da biyu ta yi tana bi gida-gida tana duba masu juna biyu, har sunanta na yanka ya ɓace a unguwa, yaro da babba Mai Awo suke ce mata.

Unguwarmu a kwari take. Lungunanta a murɗe suke kamar hanjin kaza, babu mai suna, gidajen kuma babu lamba. Yaya ce kaɗai ta haddace su. Ta san wadda ke tura ƙwayar ƙarin jini ƙarƙashin katifa ta ce ta sha, ta san wadda ba ta buɗe baki sai surukarta ta fita. Kayan aikinta ba su taka kara sun karya ba: na'urar awon jini, tef na auna ciki, littafi mai baƙin bango, da jakar da na sauya wa zif har sau uku. Gwiwarta ta hagu ta daɗe tana yi mata gardama, amma ban taɓa ganin ta hana ta fita ba.

Wata rana ofishin lafiya ya kira su Yaya da sauran masu irin aikinta horo na kwana biyu. Kwana ɗaya ya tafi a jawabai da ɗaukar hoto. A na biyun aka miƙa wa kowacce waya mai shafawa, aka ce ga ci gaba. Yaya ta shigo gida tana riƙe da ita da hannu biyu kamar ta ɗauko ƙwai.

Ni ba na zagin wayar nan, Allah ya sani. Idan aka saka mata awon mace, sai ta nuna kore, ko ruwan ɗorawa, ko ja. In ta nuna ja, da kanta take aika saƙo asibiti a turo mota. Kafin zuwanta, sai Yaya ta aiki mutum a guje, a je a yi ta roƙon mai gadi. Wayar tana tuna mata wadda lokacin allurarta ya yi, tana faɗa mata wadda jininta ke hawa a hankali wata bayan wata, abin da littafi ba ya nunawa sai ka zauna ka bi shafi-shafi. Mata shida ta tura asibiti da wuri saboda gargaɗin wayar, a kan ƙafafunsu suka tafi, a kan ƙafafunsu suka dawo da goyo.

Sai dai Yaya ba ta fito da ita a cikin ɗaki. Ta gwada a makon farko, ta ga da ta zaro ta mata ke ɗinke baki.

"In ina kallon gilashin nan, wa zai kalli ƙafarta?" haka ta ce mini. "Kumburi ba ya zuwa da sallama. Kuma mace ba ta gaya wa waya cewa kanta na sarawa, ni take gaya wa."

Ga shi kuma kwarin namu babu sabis. Sai ka hau tudu, gindin tankin ruwa, tafiyar minti goma, sannan waya ke farfaɗowa. Don haka Yaya ta tsara aikinta yadda hankali ya ba ta. A ɗaki ta rubuta a littafi, idonta a kan mai ciki. In ta gama gida uku ko huɗu, ta ja gwiwarta zuwa gindin tanki, ta zauna kan dakali, ta kwashe komai ta zuba a waya da yatsa ɗaya, harshe a waje kamar 'yar aji ɗaya. Wata goma sha ɗaya tana haka. Har takardar yabo suka ba ta, wai ita ce ba ta taɓa tsallake mace ko ɗaya ba.

Abin da babu wanda ya gaya mata shi ne, duk inda ka tsaya ka shigar da mace karon farko, nan wayar ke ɗauka a matsayin gidanta.

Matar wani kafinta a unguwarmu tana wata takwas, cikin fari. Wata Talata da hantsi Yaya ta shiga ta tarar da ita kwance, fuska ta cika, tana cewa tana ganin walƙiya-walƙiya. Ta auna jini sau biyu. Ba ta jira gida na gaba ba, ta hau tudu da abin da ita take kira gudu, ta danna. Waya ta yi ja, ta ce mota na tafe. Yaya ta juya ta koma kwari wurin yarinyar, domin ba a barin mai wannan hali ita kaɗai.

Mota kuwa ta zo, cikin rabin awa. Ta bi ɗigon da ke kan taswira, ta tsaya cak a gindin tanki. Direba ya kira Yaya, wayarta na can ƙasa inda babu sabis. Ya karanta sunan da ke kan takardarsa ga masu ɗiban ruwa, kowa ya girgiza kai, don babu wanda ya san ta da wannan suna, matar kafinta ce kawai. Ya jira, aka kira shi wani wuri, ya tafi.

Awa biyu Yaya tana zaune tana kasa kunne ko za ta ji ƙarar mota. Sai jijjiga ta kama yarinyar. A bayan motar ɗaukar bulo aka kai ta asibiti, kanta a cinyar Yaya. Uwar ta rayu. Ɗan bai zo da rai ba.

Bayan mako guda aka kira Yaya ofis, na ajiye ɗinkina na bi ta. Shugaban sashen, wani mai tabarau, ya juyo mana da allon kwamfutarsa. Ga taswirar unguwarmu fayau, babu komai a kanta sai ɗigo guda.

"Baba," ya ce mata, "mata arba'in da uku kika shigar. Duk a gindin tanki suke kwana?"

Yaya ta ce, "A'a, ranka ya daɗe. Nan nake zama in rubuta."

"To ai kin ɓata mana bayanai. An koya muku a horo."

Nan bakina ya ƙwace. Na ce, "Malam, wannan ɗigon yau ya fito?"

Ya ce ba da ni ake magana ba.

"Ai ni da kai nake yi. Wata goma sha ɗaya yana gabanka, kullum ka zo ka zauna a ƙarƙashin fanka kana kallon sa. Ba ka taɓa cewa, wai wane irin gida ne wannan mai masu ciki arba'in ba? Da kuka ba ta takardar yabo, idonku a rufe yake? Minti ɗaya ya isa ka ce mata, Baba, a cikin ɗaki ake dannawa, ko babu sabis tana riƙe wurin!"

Yaya ta dafa mini gwiwa ta ce, "Ke, ya isa."

Bai isa ba, har yau bai isa ba. Laifi tudu ne, sun take nasu sun hango na tsohuwa mai ɗingishi. Sai da na bincika wurin sauran matan da aka yi horon da su. Ɗaya ta ce an faɗi maganar, ana cikin raba ruwan sha, mai koyarwar ya juya baya yana nuna bango. Sauran ko tunawa ba su yi ba. Su dai Allah ya taimake su, unguwanninsu na da sabis.

Takardar da suka rubuta ta ce sakacin ma'aikaciya. Yaya ta cire wayar daga jaka, ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta ajiye a kan tebur tare da abin cajinta a nannaɗe. A hanya na yi ta faɗa ni kaɗai, sai da muka kusa gida ta ce, "Da na tsaya a gindin tankin na jira su." Na ce da ta tsaya, wa zai riƙe yarinyar lokacin da ta fara jijjiga? Kwana tara ba ta leƙa waje ba, jakar na rataye a ƙusa.

A rana ta goma aka yi sallama. Wadda aka ba aikin Yaya ce, wata mata daga tsallaken titi, mai hankali, ba ni da abin cewa a kanta. Wayar Yaya ce a hannunta, na gane ta da tsagewar gefe.

"Mama, an ce in sake shigar da gidajen duka," ta ce, tana sunkuyar da kai. "Tun safe nake yawo, uku na samu."

Na buɗe baki zan ce ta koma ta tambayi mai tabarau, tunda shi ya san aiki. Kafin in haɗa maganar, Yaya ta riga ta zura takalmi.

Kwana huɗu suka yi suna bin lunguna, Yaya a gaba tana jan ƙafa, babu jaka, babu ko sannu daga ofis. Na bi su a rana ta ƙarshe, wai don in riƙe ta in gwiwar ta ƙi, amma gaskiya haushi ne ya hana ni zama. Gidan kafinta ta bari a ƙarshe. Matar na zaune a bakin gado, ta rame, ta ɗago ta ce, "Mai Awo, kin daina zuwa."

Sabuwar ta tsaya daga bakin ƙofa ta zaro waya. Yaya ta kamo hannunta ta jawo ta har tsakiyar ɗaki, dab da gadon.

"Ba a can ba, 'yata," ta ce. "Nan za ki danna. Nan take kwana."