Mai Zana Bakin Ƙanƙara

A unguwarsu Baban Ƙanƙara ake ce masa, kuma rabin maƙwabtansa har yau sun ɗauka sayar da ita yake yi. An taɓa aiko masa da bokiti wai ya sam musu ta sanyaya lemo. Matarsa ta yi dariya har da hawaye, shi kuwa bai ga abin dariya ba. Ƙanƙarar da yake aiki a kanta tana can ƙuryar arewacin duniya, shimfiɗe a kan teku, kuma bai taɓa ganinta da idonsa ba, balle ya taɓa ta.

Ma'aikaci ne a ofishin hasashen yanayi. Ɗakinsa yana hawan ƙasa, da taga ɗaya mai kallon wurin ajiye motoci. Ya shiga aikin yana saurayi, ba shi da komai sai takardar sakandare da hannu mai iya zane. Tauraron ɗan'adam ne ke aiko da hoton tekun, amma idon tauraron ba abin yarda ba ne. Ruwan da ya kwanta a kan ƙanƙara sai ya ɗauke shi buɗaɗɗen teku, hadari kuma ya ɗauke shi ƙanƙara. Aikin Baban Ƙanƙara shi ne ya zauna ya bi bakinta, wato inda farin ya ƙare ruwa ya fara, ya gyara duk inda tauraron ya yi shirme. Da fensir ya fara a kan takarda mai shara-shara, daga baya aka koma allo. Idan ya gama, sai a ɗora taswirar a babbar kwamfutar da ke kwaikwayon yanayin duniya, ita kuma ta faɗi yadda hunturu zai kasance a ƙasashen tsakiya irin tasu, waɗanda ke tsakanin ƙuryar arewa da ƙasashe masu zafi, inda ake yin dusar ƙanƙara.

A makonsa na farko shugaban ofishin na wancan zamani ya dafa kafaɗarsa ya yi masa bayani.

"Idan ƙanƙarar nan ta ja baya, teku sai ya yi ta fitar da ɗumi sama. Ɗumin ya raunana iskar da ke kewaye can, wadda ke tsare sanyi kamar shinge. Shinge na yin rauni, sanyi ya ɓalle ya gangaro mana. Saboda haka duk layin da ka ja, ka sani akwai wata tsohuwa da za ta shirya wa hunturu ko ya same ta ba shiri saboda shi."

Maganar nan ta shige shi har ɓargo, a kanta kuma ya ɗora rayuwarsa kaf. Shekara talatin da wani abu bai taɓa ɗaukar hutu da kaka ba, don lokacin ne ƙanƙara ke sake daskarewa. Da 'yarsa ta haihu a wani gari, sai da jaririn ya fara murmushi sannan ya samu zuwa, ita kuwa ta daɗe tana riƙe da abin a ranta. Wuyansa ya ranƙwafa, gilashin idonsa ya yi ta ƙara kauri. Matarsa takan ce, "Malam, ko likita dai yana hutawa." Shi kuma ya ce ba za ta gane ba. Ta gane sarai, kawai ta gaji da musu ne.

Ƙanƙarar ma ba ta taimake shi ba. Kowace shekara sai ta ƙara janyewa. Akwai lungunan teku da ya sani fari fat tun yana saurayi, yanzu har tsakiyar hunturu baƙi wuluk suke. Idan ya ja layin ya ga inda ya koma, sai ya wuni jikinsa a sanyaye, kamar wanda ya dawo dubiya daga asibiti.

Ana nan aka kawo sabon shugaba. Ba mugun mutum ba ne, a gaskiya, yana ma da fara'a. Ya kira Baban Ƙanƙara ya ce an samu manhajar da ke gyara hoton da kanta, don haka za a daina zanen hannu. Albashinsa na nan har ya yi ritaya, babu mai taɓa shi.

"Ranka ya daɗe, ni ba albashi nake magana ba," in ji shi. "Manhajar nan na ga aikinta. Tana cin gyara."

"Na sani, Baba. Amma gyaran yana canja wani abu a hasashen?"

Tambayar ta ba shi haushi ƙwarai. A ce mutum ya shugabanci ofishin nan bai san wannan ba? Nan take ya ce a gwada. Da bakinsa ya nema, babu wanda ya sa shi.

Ya hau sama wajen Dakta, matar da ke kula da babbar kwamfutar, wadda kullum take sauko masa da shayi idan ta ga ya manta da kansa. Ya ce ta ɗora taswirorinsa na shekarun baya ta ga hunturun da za su bayar, sannan ta ɗora na manhajar, a kwatanta.

Dakta ta ɗago kai ta dube shi.

"Baba, ka tabbata kana so a yi?"

"Tsoron me zan ji? Ai aikina ne."

Gwajin ya ɗauki makonni, domin sau ɗaya ba ya isa. Sai an maimaita kowane hunturu sau ɗaruruwa, tunda iska ba ta bin hanya ɗaya sau biyu ko a cikin kwamfuta. Duk tsawon lokacin yana cikin walwala. Har ya ce wa matarsa ta shirya, ba da daɗewa ba wasu za su ji kunya.

Dakta da kanta ta sauko, ba ta aiko ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta buɗe hotuna biyu a allonsa.

"Taswirarka ta fi daidai, Baba. Wannan babu tantama."

"To."

"Amma dubi hunturun da suka bayar. Wannan naka, wannan na manhaja."

Ya matso da fuskarsa, ya cire gilashi ya goge ya mayar. Mutumin da ke gane kuskure mai kaurin gashi, ya duba ya sake dubawa bai ga bambanci ba.

Dakta ta ce bambancin yana nan, amma ƙanƙane ne. Ko da ƙanƙara iri ɗaya aka ba kwamfutar sau biyu, hunturun da za ta fitar sun fi haka bambanta, saboda iska tana da nata rikicin. Ta ce har ta gwada ɗebe wani babban yanki na ƙanƙarar gaba ɗaya, abin da ya motsa a nan ƙasashen tsakiya kaɗan ne, sai an ƙura ido.

"Ke nan tsohon shugaba ƙarya ya yi mini?"

"A'a, Baba. Haka ya yi imani, kuma har yanzu akwai masana da ke kan haka. Mai yiwuwa kwamfutocinmu ne ba sa jin ƙanƙarar yadda ya kamata. Mai yiwuwa kuma tasirin nata ne bai kai yadda aka zata ba. Ba mu sani ba."

"Yaushe za a sani?"

"Ba na jin nan kusa ne."

Ya yi mata godiya, har ya raka ta bakin ƙofa. Da ya dawo ya zauna, ya rasa wanda zai yi fushi da shi. Da ya koma gida, matarsa ta ga fuskarsa, ba ta tambaya ba. Ta ajiye masa abinci ta zauna gefensa har abincin ya huce bai taɓa ba.

Shugaba ya ji tausayinsa. Ya ce ya ci gaba da zanensa, za a riƙa adanawa, ana kuma dubawa lokaci-lokaci. Baban Ƙanƙara ya ce to. Amma kalmar "ana dubawa" ta tsaya masa a rai. Wa ke dubawa?

Wata safiya ya yi abin da bai taɓa yi ba tunda ya kama aiki. A kan taswirar ya gangaro can kudu, tsakiyar teku mai ɗumi inda jiragen ruwa ke kai da kawowa duk shekara, ya zana ƙatuwar ƙanƙara, wadda ko ɗan firamare ya gani zai ce wannan hauka ne. Ya aika da ita inda ya saba aikawa.

Washegari ya sa rigarsa mafi kyau, don idan aka kira shi ofishin shugaba a yi masa faɗa, ya je da mutuncinsa. Ya ma shirya abin da zai ce. Duk takun da ya ji a matakala sai ya gyara zama. Wayar teburinsa ta yi ƙara sau ɗaya, ya yi wuf ya ɗauka cikin murna, ashe mai gyaran hitar ɗumama ɗaki ne ya yi kuskuren lamba.

Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Kullum yana sake zana ƙanƙarar a wurin, har yana ƙara mata girma. Dakta ta leƙo da shayi ta ce, "Baba, ya aiki?" Ya ce da godiya. Shugaba ya gamu da shi a baranda, ya yaba masa da ƙoƙari, ya wuce.

Ranar da aka fara dusar ƙanƙara ya zo da tsohuwar rigarsa. Ya buɗe taswirorin ɗaya bayan ɗaya, ya goge ƙaryar daga kowacce, domin ko babu mai gani shi ya kasa jure ganinta. Ya ɗan zauna yana kallon motoci suna yin fari ta taga. Sannan ya jawo hoton ranar, ya kama bin bakin ƙanƙarar daga inda ya tsaya jiya, a hankali, don kada ya yi kuskure.