Shekarar da 'Yata Ta Daina Magana

Lokacin da wannan abu ya same ni, ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Funtua. Asalina 'yar wani ƙauye ce kusa da Malumfashi, iyayena Kiristoci ne, a wurin 'yan mishan na koyi karatu da ɗinki. Maigidana direban babbar mota ne, yana kai auduga da hatsi Zariya, ni kuma ina taɓa keken ɗinki a gida. 'Yata ta biyu tana da shekara tara, tana makarantar mishan, ga surutu kamar aku. Babbar ƙawarta 'yar wani ɗan kudu ce mai sayar da kayan keke. A Funtua aka haifi yarinyar, Hausarta ta fi tawa, kuma kwano ɗaya suke ci da 'yata.

Sai aka shiga shekarar rikicin nan da 'yan kudu suka bar Arewa. Aka ƙone gidan mutumin da shagonsa. Da hankali ya ɗan kwanta aka koma makaranta, sai na lura 'yata ta yi shiru. Na ɗauka kewa ce, za ta wuce. Mako ya bi mako, ko “Mama” ba ta cewa. In an sa mata tuwo sai ta zuba masa ido har ya huce. Ta fara fitsarin kwance, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta.

Babu inda ban kai ta ba. Likita ya duba harshe da kunne da maƙogwaro, ya ce lafiyarta ƙalau. Fasto ya zo da dattawan coci suka yi addu'a. Maƙwabciyata Musulma ta kawo rubutu, na ba ta ta sha a ɓoye. Kakarta ta ce iska ce, muka kai ta wurin wani mai magani a Bakori, ya rufe ta da zane ya banka turare har ta kusa shiɗewa, amma ko a nan ba ta yi kuka da sauti ba. Ran nan ubanta ya ƙosa ya zare bel ya zane ta, wai taurin kai ne. Ta tsaya hawaye na zuba, baki a rufe. Shi ma ya jefar da bel ɗin ya fita. Ni kuwa na durƙusa a gabanta ina roƙonta ko zagina ne ta yi, in dai zan ji muryarta. Na fara tunanin a hannuna za ta mutu.

Hedimasta ya kira ni ya ce tunda ba ta amsa tambaya, gara in riƙe ta a gida. Ina fitowa ina kuka wata malama ta tare ni. A kwalejin horon malamai ta karanci halayyar yara, don haka duk yaron da ya gagari sauran malamai ita ake tura wa. Ta roƙi hedimasta ya bar mata yarinyar zuwa ƙarshen zango. Ta zo har gida ta yi mini tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi: yaushe ta yi magana ta ƙarshe, ina aka aike ta ranar, da wa take wasa. Ta ce a daina duka, a daina turare, a daina matsa mata ta yi magana, kuma a daina zancenta a gabanta kamar ba ta nan. Na ce a raina wannan wane irin magani ne, amma ba ni da wata dabara.

Kullum in an tashi daga makaranta sai ta zauna da ita a gindin mangwaro, tana duba aikin yara, yarinyar na wasa da laka, ba mai ce wa wani uffan. Tun ina sa rai har na fid da. Sai wata rana da la'asar malamar ta shigo gidana idonta ja. Ta ce yau ta faɗa wa yarinyar cewa ita ma tana kewar ƙawar tata, wadda kujerarta ta zama wayam a aji, sai yarinyar ta buɗe baki ta ce, “Malama, ni na nuna musu gidan.” Ashe ranar rikicin na aike ta sayen zare, wasu mutane suka tare ta suka tambaye ta gidan mai kayan keke. Ta zaci sayayya za su yi, ta nuna. Tana dawowa ta ga hayaƙi. Duk watannin nan ta ɗauka ita ta kashe ƙawarta.

Ni kuwa na san ba kowa a gidan lokacin da aka ƙone shi. Tun kafin abin ya ɓaci maigidana ya kwashe mutumin da iyalinsa, ya lulluɓe su da tamfol a tsakanin buhunan dawa, ya kai su tashar jirgin ƙasa a Zariya. Mun ɓoye wa yaran ne don tsoron kada su faɗa a waje a zo mana. Malama ta ce uban ne ya kamata ya gaya wa yarinyar da bakinsa. Ya tsuguna a gabanta ya faɗi komai, har ƙosan da ya saya musu a hanya. Ta kalle shi ta ce, “Baba, da gaske?” Ta fashe da kukan da maƙwabta suka ji.

Maganar ba ta dawo lokaci ɗaya ba, ta daɗe tana in'ina, malamar kuma ba ta sake ta ba har ta gama makarantar. Mutanen nan ba mu ƙara jin labarinsu ba, yaƙi ya zo ya raba mu. 'Yata ta girma ta yi aure, amma har yau in baƙo ya tambaye ta gidan wani, sai ta ce ya tambayi na gaba.

Iyaye, yaro yana ganin abin da muke zaton bai gani ba, kuma in ba a yi masa bayani ba, kansa yake ɗora wa laifi. In ɗanku ya canza, kada ku fara da bulala. Ku je makarantarsu ku nemi wanda ya iya zama da yaro har ya faɗi abin da ke cinsa, ku kuma ku gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. Da na samu wanda ya gaya mini haka tun farko, da 'yata ba ta shaƙi hayaƙin turaren nan ba.