Akwatin da Gwaggo Ta Bari a Ƙasa

Shekara ashirin da shida Gwaggo, ƙanwar babana, ta yi tana aiki a gidan adana tsofaffin takardu, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake jibge fayilolin kotu. Abokan aiki suna ce mata Kafin-ta-faru, don ba ta da zance sai na ruwa da gobara. Ita ta sa kafinta ya ɗaga kowace kanta taƙi ɗaya daga ƙasa. Ita ta ɗaura jan ƙyalle a akwatuna arba'in da za a fara fitarwa in ta ɓaci. Har mai ƙanƙarar bakin titi ta ɗaure da alkawari: ranar da takarda ta jiƙe, zai ba ta gefe guda a ɗakin sanyinsa. Ta ce jiƙaƙƙiyar takarda kwana biyu take fara fumfuna, amma in ta daskare za ta jira mai gyara.

"Hajiya, ke ko kabarinki sai kin sa an yi masa kwata," in ji masinjan ofis, duk ranar da ta tara su gwaji.

"Naka za a fara yi wa, sarkin barci. Ɗauki bokiti."

Akwati ɗaya ne ya saɓa dokarta. A kan siminti yake, daidai ƙarƙashin babban bututun ruwa, ba jan ƙyalle. Lokacin da nake zuwa can neman abin rubutu na tambaye ta, ta ce babu wuri a kanta. Ga wuri kuwa ina gani. Da ta fita salla na kwance igiyarsa na buɗe.

Shari'a ce. Kakanmu, mahaifinta, wanda a gidanmu ake kafa misali da gaskiyarsa, ya yi shaidar zur, aka ɗaure wani tela shekara bakwai. Shafin ƙarshe iƙirarin kakan namu ne na cewa ƙarya ya yi, da dangwalen yatsansa, bayan telan ya rasu. Ba wani kwafi a ko'ina.

Na daɗe ina juya abin. Yaga takarda ba za ta iya ba, amana ce. Ceton ta kuma tonon asirin uba ne. Sai ta ajiye ta inda ruwa zai yi mata aikin da hannunta ya ƙi. Har ina zargin duk wannan shirin nata don ruwan ya ci abu ɗaya ne tak, ya bar saura.

Wata Talata da hantsi bututun ya fashe, ina ɗakin karatu a sama. Ban taɓa ganin mutum ya cika wuri kamar yadda Gwaggo ta cika shi ba. Ta sa aka kashe lantarki tukuna, ta jera mu a matakala hannu da hannu, har shugaban gidan da babbar rigarsa.

"Kar wanda ya buɗe! Kar a matse! Miƙa, Ranka ya daɗe, ba taro ake yi ba!"

Kafin ruwa ya kai gwiwa arba'in sun fito. Shugaba ya ce alhamdu lillahi, an gama. Gwaggo ta tsaya a bakin matakala tana kallon ruwan. Ni kaɗai na san abin da take kallo, na kuwa ja bakina, don ni ma ina son kakana da farin suna.

Ta tuɓe takalmi ta sauka.

Ta fito rungume da akwatin nan, kwalinsa yana narkewa, ta tallabe gindinsa da mayafinta. Ta naɗe shi a leda, ta rubuta lamba, ta tsallaka titi da shi ba takalmi, ina bin ta.

Mai ƙanƙara ya ture buhunansa gefe. "Hajiya da kanki? Wannan na wane babban mutum ne?"

"Na wani tela ne. Sa shi can ciki."

A hanyar dawowa ta ce, ba ta dube ni ba, "Na san ka buɗe. Ko ɗaurin igiya ba ka iya ba."

Wata huɗu ta yi tana busar da shi shafi-shafi. Tawadar ta ɗan zuba, amma iƙirarin yana karantuwa. Ta shigar da fayil ɗin cikin jerin da kowa zai iya nema, ta aika wa jikokin telan wasiƙa. Su uku suka zo, suka karanta a tsaye. Babana bai sake taka gidanta ba har yau.