Ranar da Inna ta ce tara

Shekarun baya, ban daɗe da gama makarantar koyon aikin lafiya ba, aka saka ni cikin masu zagaya ƙauyuka suna wayar da kai a kan tazarar haihuwa. Gwamnati ce ta kawo shirin, aka ba ni yankin Ngaski. Ina da farar riga mai guga da baki mai zuba, ina ganin babu abin da ya gagare ni.

Duk inda aka tara mini mata, da gidanmu nake kafa misali. Sai in ce, "Ku dubi mahaifiyata. Mu huɗu kacal ta haifa, tsakanin kowa da kowa shekaru masu yawa, ga ta nan da ƙarfinta." Ni ne auta, haka kuma na tashi na gani. Tsofaffin matan sukan sunkuyar da kai. Ni kuwa sai in ce a raina magana ta shige su.

Wata damina Inna ta yi ta fama da ciwon mara, na ɗauke ta a babur zuwa asibiti a Yelwa. Malamar jinya ta zaunar da ita tana yi mata tambayoyi, ni ina tsaye a bayanta riƙe da mayafinta.

"Baba, haihuwarki nawa?"

"Tara," in ji Inna.

Na yi dariya na ce, "Malama, ba ta ji ki da kyau ba. Huɗu ne."

Inna ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ta tambayi waɗanda na haifa, ba ta tambayi waɗanda Allah Ya bar mini ba."

Sai na jingina da bango. Malamar ta ci gaba da aikinta, don ita kullum tana jin irin wannan amsa. Ni kuwa har muka karɓi magani ban san abin da likita ya ce ba.

A hanyar komawa na tsaya ƙarƙashin wata tsamiya na kashe babur. Na ce, "Inna, ina biyar ɗin?"

Ta ce biyun farko suna tsohon garinmu, wanda ruwa ya ci lokacin da aka datse kogi aka tashi mutane. Ƙyanda ce ta ɗauke su a wata guda. Sauran ukun a sabon gari aka rufe su: ɗaya zazzaɓi, ɗaya gudawa, ɗaya ko suna ba a kai ga yi masa ba. A nan na gane abin da ya sa take kiran sunan babban yayanmu gatsau ba kunya. Ashe ba shi ne ɗan fari ba.

"Tazarar da kake ta yabo," in ji ta, "ba ni na yi ta ba. Kowane gurbi da ka gani tsakaninku, akwai ɗa a ciki."

Da muka isa gida na tare yayan namu da faɗa, don me ba a taɓa gaya mini ba. Ya dube ni ya ce, "Wa zai zaunar da yaro ya lissafa masa matattu? Kai ma da ka girma, ka taɓa tambaya?"

Kwana biyu ban fita aiki ba. Na je na ce wa Inna zan ajiye shi gaba ɗaya. Ta ce ba ta yarda ba, ita ma da ta sami hutu tsakanin goyo da goyo, wataƙila da wasu sun tsaya. Sai ta ƙara da cewa, "Amma ka bar kirana a gaban matan nan. Da su muka tashi daga tsohon gari. Akwai wadda da hannunta ta wanke mini gawar biyu."

Na ci gaba da aikin, sai dai na rage baki. Na fahimci matar da ta binne biyar ba za ta saurari zancen tazara ba sai ta ga alamar na hannunta zai rayu, don haka da rigakafi da maganin zazzaɓi nake fara magana.

Inna ta rasu tuni, Allah Ya jiƙanta. Amma har yau abin bai bar raina ba. Tsofaffin nan sun zauna a gabana sau ba adadi ina ba su labarin da suka fi ni sani, babu wadda ta ƙaryata ni. In an tashi taro, ɗayarsu takan matso ta kama hannuna ta ce, "Ka gaishe mini da innarka, ka ce ina yi mata sannu."