Kwalbar da Na Fasa a Asibiti

'Ya'yana, ni mai sayar da kunu ce a ƙofar wani asibiti a Garwa, zamanin da ɗan garinmu ke mulkin ƙasa. Ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ajin yaƙi da jahilci ya koya mini karanta rubutun ƙofofi, ga Fulatanci a bakina, sai baƙi daga Ngong da ƙauyuka suka riƙa cewa in raka su ciki. Su ba ni goro, in yi godiya.

Daga goro na koma roƙo. Daga roƙo na koma ƙarya. Sai in ce musu malamar asibiti ba ta duba mutum sai da ɗan abin hannu, in karɓa in ƙulle a bakin zane.

Wata rana wani falke ya gurɗe a ƙafa, ya cika mini hannu. Na yi masa alkawari ba zai bi layi ba. Muka kutsa ɗakin da ake karɓar masu ciwon gaggawa, muka tarar da Madam Marta, malamar asibiti 'yar ƙabilun kan dutse, tana shirin zuƙo allura daga wata kwalbar maganin dafi. Maciji ya sari wata yarinya a gona, ga ta kwance, uwarta na gefe.

Ta ce, "Mai kunu, ki jira. Ba ki ganin yarinyar nan?"

Falke ya ce, "Ashe cika baki ne kawai, Inna?"

Kunya ta rufe ni. Na fizgi hannun Madam, na kwaɗa mata mari. Kwalbar ta faɗi ta fashe. Ita kaɗai ta rage a asibitin.

Uwar yarinyar ba ta zage ni ba. Durƙusawa ta yi tana tsince gilasan a zanenta, ko za a samu ɗigo.

Jandarmomi suka tafi da ni, alƙali ya ɗaure ni. A gidan yari barci ya gagare ni, in kwanta in tashi, in zaga ɗaki.

Da aka sake ni, na je na durƙusa gaban Madam. Ta ce, "Marin na yafe. Ƙafar yarinyar kuwa an yanke, kuma ba tawa ba ce balle in yafe."

Na tuba, amma ban san ƙauyen su yarinyar ba. Har yau ina tambaya a tasha.

Ku yara, in kun ga malamar asibiti ta juya muku baya, ku yi haƙuri ku zauna. Ran wani ne a hannunta.