Birkin Salansa Da Na Haɗa Wa Yaya

Yayana a gwanjo ya sayi motar, tsohuwar motar soja mai taya shida, wadda nake jin ta girme ni. Tun kafin ya shigo da ita Birnin Gwari ya sa aka shafe koren fentin da shuɗi, don a hanyoyinmu ba ka so a hango ka daga nesa a ɗauka soja ne. Injinta lafiya lau, ko dutse ka ɗora mata za ta ja. Tsayawa ce ba ta iya ba.

Akwai wata doguwar gangara gaba da Dogon Dawa, a hanyar da yake kwaso masara daga ƙauyuka. Wani ƙaramin ƙauye na bin gefenta, a ƙarshenta kuma kwana ce da siririn kwalbati a kan rafi. In ya sauko da lodi, tun daga sama yake taka birki, kafin ya kai ƙasa tayoyin sun ɗau zafi suna ƙauri, birkin ya yi laushi. Ni bakanike ne, ni nake kwanciya a ƙarƙashin motar duk mako, na san abin da idona ke gani. Na ce masa wata rana gangarar nan za ta ci shi. Ya ce bakina ya sari ɗanyen kashi, ya ja hularsa ya tafi.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon aiki. Yana da wani hali da kowa a gidanmu ya sani: ba ya roƙon abu sau biyu. In yana so ka yi masa wani abu sai ya kewaya, ya sako shi cikin raha. In ka gane, madalla. In ba ka gane ba, ba zai yi fushi ba, zai je ya san yadda ya yi da kansa. Na fi kowa sanin wannan hali nasa, shi ya sa har yau ba ni da bakin kare kaina.

Na tafi Kaduna na yini a Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, har na samo birkin salansa a jikin wata matacciyar tifa. Abin ba wani surkulle ba ne. Faranti ne na ƙarfe a cikin bututun hayaƙi. In direba ya taka maɓalli, iska ta tura farantin ya rufe, hayaƙi ya rasa mafita, sai injin da kansa ya riƙe motar, birkin ƙafa ya huta. Kwana biyu muka yi a kanta ni da mai walda. Bututun tifar ya fi na motar Yaya faɗi, muka yanke, muka ƙara baki, muka sake yankewa, ina zagin wanda ya ƙera motar da wanda ya sayar da ita. Na jawo siririn tiyo daga tankin iska, na dasa maɓallin a ƙasa kusa da kuloci, inda diddigen Yaya zai same shi ba sai ya duba ba.

Ranar gwaji abin ya kama. Sai dai tukunyar salansar motar ta daɗe da ruɓewa, duk huji ce. Da farantin ya rufe sai ta saki wata ƙara, ta-ta-ta-ta, har kajin maƙwabta suka watse. Na san maganinta, sabuwar tukunya kawai take so. Amma 'yan gareji suka taru suna tafi suna ce mini injiniya, kaina ya kumbura. Gaskiya ita ce ƙarar ta yi mini daɗi, don duk inda motar ta wuce za a san aikina ne.

Bayan kamar mako uku Yaya ya zo ya zauna a bencin gareji yana ɓare gyaɗa. Ya ba ni labarin yadda ya sauko gangarar ranar kasuwa, ya taka maɓallin, ƙauyen nan ya tarwatse. Mata suka zubar da tallansu, aka suri yara aka faɗa cikin dawa, wata tsohuwa ta afka rami. Sun ɗauka harbin bindiga ne, mutanen daji sun dawo. Na yi dariya har da riƙe ciki, Allah Ya yafe mini. Ƙauyen da aka shiga sau biyu aka bar su da haƙa kabari, ni kuma ina dariya.

Shi murmushi kawai ya yi, ya ce, "Injiniya, wannan makaɗin naka, ba a rage masa murya?"

Na ce, "Haba Yaya, ai muryar ce shaidar yana aiki. Za su saba."

Ya ce, "To." Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya tashi.

A raina na ce in na sake shiga Kaduna zan taho da tukunyar. Amma hanyar Kaduna ba a shiga ta don abu ɗaya, sai ka tara buƙatu, ka jira ranar da aka ce da sauƙi. Yau da gobe, wata ya wuce. Hankalina kwance, tunda a ganina na riga na raba shi da gangarar nan.

Wata rana da hantsi aka kira ni, aka ce motar Yaya ta faɗa rafin ƙarshen gangarar. Duk wanda ya ji labari abu na farko da yake tambaya shi ne ko ɓarayi ne. In aka ce a'a, birki ne, sai ka ga ya sauke numfashi, wasu ma har suna cewa a gode Allah tunda an samu gawa. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Matarsa na kuka tana gaya wa mata cewa ni kam na yi iya ƙoƙarina a kan motar nan.

Ran sadakar uku na hau babur na tafi wurin. Motar na kwance a gefe cikin rafi, buhuna sun fashe, awaki na cin masara. Na rarrafa na duba. Waldata ba ta tsage ba, farantin na nan lafiya. Sai na bi tiyon da hannu. A tsakiya an naɗe shi biyu, an ɗaure tam da robar taya, an cusa bakin robar a ƙarƙashi, irin ɗaurin da Yaya yake yi wa bakin buhu. Bai yanke ba, bai cire komai ba, don kada ya ɓata mini aiki. Ya dai hana iska wucewa, don ko diddigensa ya taka maɓallin bisa sabo kada ƙarar ta tashi, ya koma sauka da birkin ƙafa kamar da. Na zauna cikin laka na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Ina kwance robar sai ga wata tsohuwa daga ƙauyen, tana dogara sanda tana ɗingishi. Ta tambaye ni ko ni wane ne, na ce bakanike ne na zo duba mota.

Ta ce, "Allah Ya jiƙan direban nan, ɗana. Sau ɗaya mai unguwa ya yi masa magana, bai ƙara firgita mana yara ba. Ya ce mu yi haƙuri, ƙanensa ne ya haɗa masa, kuma kwanan nan zai gyara."

Na ce amin, na sa robar a aljihu. Ban gaya mata ni ne ƙanen ba.