Rediyon Gwaggo Hajo mai tuwon tasha

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a rumfar Gwaggo Hajo, nan tashar motar Ƙaura, ya san ba a yi mata magana in rediyo na waƙa. Ka kwaso yunwarka tun daga Shinkafi, ka yi sallama, sai ta ɗaga maka ludayi sama, wato dakata. Sai waƙa ta ƙare sannan ta juyo: "Wa alaikumus salam. Mi za a zuba ma?" Ni da nake ɗan ƙanenta, kuma direban da ya fi kowa cin tuwonta, ban taɓa samun sassauci ba.

Kun dai tuna rediyon. Baƙi, ƙato, eriya ta karye tun ban fara tuƙi ba, ta ɗaura masa wayar shanya. Kowace Sallah sai an ɗinka masa riga da ragowar atamfarta. Batir kuwa, in ya yi sanyi, sai ta hau da shi kan rumfa ta shanya tare da kuɓewa. Wata rana tausayi ya kama ni, na sayo mata sababbi guda huɗu. Ta karɓa, ta sa mini albarka, ta jefa su cikin kwalla ta rufe.

Na ce, "Gwaggo, ki sa mana. Tsofaffin nan ai sun mutu."

Ta ce, "Kai likita ne? Ba su mutu ba, suma sunka yi."

A wancan zamanin akwai shirin zaɓe na ranar Juma'a, inda ake karanta katin gaisuwa, a ƙarshe mai gabatarwa ya jero waƙoƙin da aka fi nema a makon, daga ta biyar har ta ɗaya. Gwaggo ba ta taɓa yarda da jerinsa ba. Tana da nata a ka. Ta ɗaya a wurinta waƙar wani tsoho ce mai kukuma, wadda ta fara ji shekarar da jirgin ƙasa ya kawo ta Ƙaura, kuma tun daga ranar babu wadda ta ture ta. In mai gabatarwa ya faɗi tasa ta ɗaya, sai ta yi tsaki ta ce wa rediyon, "Ba a tambaye ni ba."

Abin da ya sa muhawara da ita kan waƙa ke da haɗari shi ne nama na hannunta. Malam Isa, direban layin Zurmi, ya taɓa shigowa yana rawar kai da wata sabuwar waƙa ta fiyano a wayarsa.

"Gwaggo, wagga ita ce gaba yanzu, ƙasa duk ta ɗauka!"

Ta kasa kunne, ta ɓata fuska. "Yaron ga mura yake yi?"

"A'a, inji ne ke gyara muryar."

"To injin za a ba ta ɗaya, ko yaron?"

Ta miƙa ludayi ta tsame tsokar da ke kwanonsa ta mayar tukunya. Wallahi a gabana! Washegari Malam Isa ya dawo tun daga bakin rumfa yana rantsuwa cewa duk duniya babu kamar kukuma. Gwaggo ta dube shi ta ce, "Ƙarya kake, amma ƙaryar ta yi kyau." Ta zuba masa tsoka biyu.

Ita ma tana aika kati. Ba ta yi boko ba, akawun tasha ke rubuta mata, shi kuwa in ya hango ta tafe da kati sai ya fara neman hanyar masallaci. Sunaye sun fi arba'in: direbobi kaf, masu faci, mai ruwa, dangi na Dauran da Birnin Tsaba. Wata Juma'a mai gabatarwa ya karanta bakwai ya ce "da sauran jama'a". Kai! Gwaggo ta tashi ta juya fuskar rediyon ga bango. Kwana uku yana kallon zana, amma fa a kunne.

Na ce, "In fushi kike, ki kashe shi mana."

"Da mutumin nike fushi, mi waƙa ta yi min?"

Daga nan ta koma aika kati shida, kowanne suna bakwai. Da sunaye suka ƙare a na ƙarshe, ta cike da na magenta. Muna zaune muka ji ana cewa daga Kaduna, "Tana kuma gaida Alhaji Baƙi." Har magen ya mutu, direbobi na rusuna masa.

Da wayoyi suka cika gari, samarin tasha suka mai da ita abin tsokana, wai ta kai rediyon gidan tarihi. Sai ga lokacin nan da aka katse layukan waya saboda matsalar tsaro. Ranar farko suka yi ta ɗaga wayoyi sama. Rana ta uku sai ga su sun zagaye rumfa tsit, suna jiran labarai. Ba ta kori kowa ba, amma sai ka ji kukuma tukuna.

A kwanakin ne wata baiwar Allah, Asabe, ke taya ta wanke-wanke. Daga Kurya Madaro ta gudo ranar da aka shiga garinsu, ɗanta Lawali ya bi wata hanyar daban, ba ta san ko yana raye ba. Ba ta ci, ba ta magana. Gwaggo ta ce mata, "Matso da kwanukan ga kusa da rediyo. In yana da rai zai yi magana." Kullum da azahar sai ta murɗa rediyon zuwa shirin da ake buga waya daga wasu jihohi. Mu dai muna ganin lallashi ne kawai.

Ranar wata Laraba, ina tsakiyar loma, muka ji: "Lawali ne daga Kano. Ina gaida mahaifiyata Asabe ta Kurya, duk inda take. A gaya mata lafiyata lau."

Kwano ya suɓuce wa Asabe, ta durƙushe tana salati. Rumfa ta ɗauki kabbara. Gwaggo na share ido da gefen zane, wai hayaƙi ne.

Na ba direbobin Kano saƙo, ba a yi mako ba sai ga Lawali a tasha. Bayan an gama koke-koke, Gwaggo ta cika masa kwano, ta tsaya a kansa.

"Kai yaro, ka samu layi har gidan rediyo, ko ka ce a gaida mai tuwon tasha?"

"Gwaggo, ai ban san ki ba sannan."

"Ji min ɗan nema! Wa ke jin rediyo bai san ni ba?"

Daminar bara Gwaggo ta rasu, bayan jinyar kwana biyar. Asabe ce ke riƙe da rumfar yanzu, Lawali kuma bana ya koma ya noma gonarsu, har ya aiko mana da gero. Allah ya jiƙan Gwaggo Hajo, ya haskaka kabarinta, ya saka mata da duk cikin da ta ƙosar. Mu kuma ya zaunar mana da garuruwanmu lafiya, ya mai da kowa gidansa. Amin.